Kwaku Ohene-Frempong

Kwaku Ohene-Frempong (1946–2022) likitan yara ne ɗan ƙasar Gana, ƙwararre kan cututtukan jini, wanda ya yi kusan dukkan aikinsa kan cutar sikila, wadda Hausawa ke kira amosanin jini. An fi saninsa da abu biyu: binciken da ya fayyace yawan shanyewar ɓarin jiki a tsakanin masu sikila, da shirin gwajin jarirai da ya kafa a Kumasi.

An haife shi a Kukurantumi a 1946. Ya yi sakandare a Kwalejin Prempeh da ke Kumasi, sannan ya tafi Jami'ar Yale a Amurka, inda ya yi digirin farko a 1970, ya gama karatun likita a 1975. Gwanin gudun tsallake shinge ne a wancan lokaci, har ya wakilci Gana a wasannin ƙasashe rainon Ingila na 1970. Yana ɗalibin likita aka haifa masa ɗa mai sikila, wannan ne kuma ya karkata shi ga fannin. Ya ƙware a Asibitin Yara na Filadelfiya, ya yi 'yan shekaru a Jami'ar Tulane, ya dawo Filadelfiya a 1986, inda daga baya ya shugabanci cibiyar sikila ta asibitin.

Likitoci sun daɗe da sanin cewa sikila kan toshe jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, abin da ke jawo shanyewar jiki, amma ba su da alƙaluma masu ƙarfi. A 1998 mujallar Blood ta buga binciken da ya jagoranta, wanda ya dogara da bayanan majinyata sama da 4,000 a asibitocin Amurka. Sakamakon ya nuna cewa cikin masu nau'in SS, kashi 11 cikin ɗari kan gamu da shanyewar jiki kafin shekara 20, kashi 24 kuwa kafin shekara 45. Toshewar jijiya ta fi kama ƙananan yara, fashewarta kuma ta fi yawa a tsakanin 'yan shekara 20 zuwa 29. Binciken ya kuma nuna alamun haɗari: ƙarancin jini na kullum, yawan ciwon ƙirji irin na masu sikila, da hawan jini. Da wuya a ga rubutu kan sikila da ƙwaƙwalwa yau da bai ambaci waɗannan alƙaluma ba. A shekarar dai wani bincike ƙarƙashin wani likitan Amurka, Robert Adams, ya tabbatar da cewa idan aka auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yaro da na'ura, aka riƙa yi wa masu haɗari ƙarin jini a kai a kai, shanyewar kan ragu da kusan kashi 90.

Sai dai yawancin masu cutar a Afirka ake haifarsu, da yawa kuma suna mutuwa ba a ma san abin da ke damunsu ba. Tun 1986 aka gano a Amurka cewa bai wa yaro mai sikila fenisilin kullum na kare shi daga cututtukan da ke kashe irinsa, amma ba a yi wa wanda ba a gano ba rigakafi. A 1995 Ohene-Frempong ya fara shirin gwajin jarirai a Kumasi, tare da Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye: a ɗebi jini daga diddigen jariri, a auna, wanda aka samu da cutar a sa shi a asibitin sikila. Gwajin ya nuna cewa kusan jarirai 2 cikin 100 a can na ɗauke da ita. Ya shugabanci Gidauniyar Sikila ta Gana, wadda da ita aka ƙulla yarjejeniyar 2019 tsakanin gwamnatin Gana da kamfanin Novartis don samar da maganin hydroxyurea.

Matsalar da ya auna ta shafi Najeriya kai tsaye, domin babu ƙasar da ta kai ta yawan haihuwar masu sikila. Da yake ƙarin jini duk wata ya fi ƙarfin yawancin iyalai, likitoci a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsu na Amurka sun gwada hydroxyurea a madadinsa don kare yara daga shanyewar jiki.

Ya rasu a Filadelfiya ranar 7 ga Mayu, 2022, sakamakon ciwon dajin huhu.