Waiwaye: Daga Motar Majigi Zuwa Rumfar Kallo

A garinmu, can gefen Ringim, gidajen kallo uku ne shekara biyar da suka wuce. Yanzu saura ɗaya, shi ma sai ranar da manyan ƙungiyoyin ƙwallo za su buga ake tada janareta. Rumfa ce ta langa-langa da benci goma sha wani abu, talabijin biyu a kan katako, sai allo a bakin ƙofa da ake rubuta wasannin ranar da alli. In ana zancen ceto ƙananan sinimomi, mu wannan rumfar ce sinimarmu, domin ba a taɓa gina mana wata ba.

Kallo a ƙauye da majigi ya fara. Turawan mulki sun kafa sashen shirya finafinan wayar da kai a 1939, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta gaji aikin bayan sun tafi. Kawuna yana ba da labarin kamar jiya aka yi. Tun da la'asar mai shela zai zaga gari. Motar za ta tsaya a ƙofar gidan dagaci, a kafa farin ƙyalle, a tada injin wuta da ta zo da shi, bayan isha'i kowa ya shimfiɗa tabarmarsa. Abin da ake nunawa noman gyaɗa ne da auduga, da tsaftar rijiya, da allurar rigakafi, wani mutum yana ta sharhi da lasifika. Na tambaye shi ko mata na zuwa, ya ce, "Kai yaro, har da goyo! Abin da aka kafa a ƙofar dagaci wa zai ce masa iskanci?" Majigi kyauta ne, da iznin sarauta yake zuwa, kuma shi ke kawo wutarsa. Duk abin da ya biyo bayansa bai sake haɗa waɗannan ukun ba.

Sinima kuwa ta birni ce, ta kuɗi, kuma tun farko Kwarori ne suka fi riƙe ta. An buɗe Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa. Mutanen cikin birni suka sa wa abin suna dodon bango. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya ana tsakiyar kallo, mutum 331 suka mutu. Da yawa ba su ɗauke ta a matsayin haɗari ba, sun ce fushin Allah ne ya sauka a kan masu kallo. Da aka buɗe Palace a Jakara a 1952, cikin birni tsundum, sai da aka kai ruwa rana. Daga nan tabon ya zauna: mai zuwa sinima ɗan iska ne, mace kuwa in an gan ta a can ba sai an tambayi sana'arta ba. Wannan bai hana Plaza da Orion da Marhaba cika da 'yan kallon finafinan Indiya ba. Wapa ma da ake canjin kuɗi a yau, a da akwai sinima mai wannan suna. Ɗan ƙauye sai ya je cin rani yake leƙawa, ya dawo da damina yana ba samari labari a dandali, rabi abin da ya gani, rabi ƙari.

Bidiyo ce ta fara damƙa wa ɗan ƙauye allon a hannunsa. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kaset ɗin Hausa ya cika Ƙofar Wambai da Bata, daga nan ya bi motocin kasuwa zuwa ƙauyuka. Wanda ya sayar da gyaɗa ya samu rara sai ya sayi talabijin da bidiyo da ƙaramin janareta, ya kewaye fili da zana, ya zauna a ƙofa da gwangwanin karɓar kuɗi. Ranar kasuwa kam ba masaka tsinke. Amma ya gaji tabon sinima ba tare da ya gaji ribarta ba. Mata ba sa shiga, sai dai a yi hayar kaset a kai ɗakin amarya a taru. Iyaye suna ƙorafin yara na satar kuɗin cefane, kuma a gaskiya ba duka ƙorafin ne ƙarya ba, don an sha saka wa yara abin da bai kamata ba in dare ya raba.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, sai gidajen kallo suka shiga ƙarƙashin ido. A 2007 aka ƙara ɗaure igiyar. Tsofaffin sinimomin birni suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ƙwallon Ingila da ta Sifen ce ta ceci rumfunan ƙauye: ba rawa, ba waƙa, ba mai cewa an ɓata tarbiyya, sai dai musu da ihu.

Rigima mafi girma a kan fim ma a ƙauye aka yi ta. A 2016 gwamnatin tarayya ta ce za ta gina dandalin shirya finafinai na naira biliyan 3 a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai suka yi ca a mumbari, aka janye. Na saurari ɓangarorin biyu a rediyo har na gaji, ban ji wanda ya ambaci mai benci da janareta ba, alhali shi ne kaɗai yake kai fim gaban talaka a taron jama'a.

Yau abin da ke cin rumfar daga fuska biyu ne. Waya ta raba taron: da kuɗi kaɗan masu tura fim za su cika maka memori da fassarar Indiya, ga Arewa24 tun 2014, ga YouTube. Sannan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin fetur har ya haura naira dubu a lita a 2024, kuɗin DStv ma bai tsaya ba. Na zauna da mai rumfar da ta rage wani dare bayan an tashi. Ya zazzage gwangwaninsa a kan benci, ya ware na mai, ya ware kuɗin DStv na wata, abin da ya saura bai kai kuɗin kwanon gero ba. Na ce, "Yaya, me ya hana ka rufewa?" Ya ce in ya rufe, samarin nan bakin titi za su koma, kuma ya san abin da ake sayarwa a can.

Ba ya neman biliyan. Faifan sola da batura yake so, ko da bashi ne ya riƙa biya a hankali, da takarda guda daga ƙaramar hukuma maimakon masu rasit da ke zuwa kowa da nasa. Ni kuma na ƙara da cewa 'yan Kannywood da ke kukan kasuwar faifai ta mutu za su iya ba irinsa sabon fim na mako guda a raba kuɗin ƙofa. Ya ce ya taɓa tunanin ware yammacin Alhamis don mata kaɗai, matarsa ta tsaya a ƙofa. Ya kai wa liman maganar, liman ya ce sai ya ga fim ɗin tukuna.