Waiwaye: jiragen soja uku da suka fara sauka a Kano

Yawancinmu in an ce filin jirgin Malam Aminu Kano sai mu tuna jigilar alhazai, amma gaskiya ba da fasinja abin ya faro ba, sojan saman Ingila ne suka fara buɗe hanyar. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na runduna ta 47 suka sauka Kano, a filin dawaki ma kuwa don lokacin ba filin jirgi. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso ranar 27 ga Oktoba, suna yada zango suna shan mai, Khartoum, El Fasher, Fort Lamy wato Njamena ta yanzu, Maiduguri, sannan Kano.

Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne jirgin kansa. Fikafikai biyu ne ɗaya bisa ɗaya, katako ne aka lulluɓe da yadi aka ɗaɗɗaure da waya, mutum biyu kacal yake ɗauka kuma kawunansu a waje, sai hular fata da tabarau, ga rana ga ƙura ga iska na dukan fuska tun safe. Inji ɗaya tal, Liberty mai ƙarfin doki 400, in ya mutu a tsakiyar dajin Darfur to sai dai Allah ya kiyaye.

Jagoransu Arthur Coningham ne, matuƙin da ya yi yaƙin duniya na ɗaya, daga baya ma shi ya shugabanci rundunar saman Ingila a hamadar arewacin Afirka a yaƙi na biyu. A 1948 jirgin fasinjan da yake ciki ya ɓace kusa da Bermuda, har yau ba a gan shi ba.

Kada dai a ɗauka yawon buɗe ido suka zo. Tun 1916 turawan nan sun yi amfani da jirgi a kan Sarkin Darfur Ali Dinar, sun san tsoron da yake sawa, kuma hanya suke aunawa. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, daga 1940 sai ga shi ana harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta Ghana, a biyo da su Legas, Kano, Maiduguri, a bi sawun waɗancan ukun har Masar, jirage sama da 5,000.