Shigar da ƙarar kamfanin inshorar da ke ƙarƙashin riƙon wucin gadi

Riƙon wucin gadi mataki ne da kotu ke ɗauka a kan kamfanin da aka kai mata ƙorafin cewa ba zai iya biyan basussukansa ba, tun kafin ta yanke hukuncin rushe shi. Kotun takan naɗa ƙwararren akanta, ko biyu, su karɓi ragamar kamfanin daga hannun daraktocinsa, su tsare dukiyarsa da takardunsa kada su salwanta. Da zarar an yi wannan naɗi, duk wanda ke bin kamfanin inshorar kuɗin diyya ya rasa damar kai shi kotu kai tsaye, sai fa idan kotun da ta yi naɗin ta ba shi izini.

A Ingila, sashe na 135 na Dokar Karayar Arziki ta 1986 ne ya ba kotu ikon naɗa mai riƙon, sashe na 130(2) kuma ya hana fara sabuwar ƙara ko ci gaba da tsohuwa a kan kamfanin ko dukiyarsa ba tare da izinin kotu ba. A Ostareliya irin wannan hani yana cikin sashe na 471B na Dokar Kamfanoni ta 2001, kuma dokar kamfanoni ta Nijeriya, wadda ta samo asali daga ta Ingila, tana ɗauke da makamancinsa. Dalilin hanin shi ne kada wanda ya fi kuɗi ko ya riga kowa zuwa wurin lauya ya kwashe abin da ya rage, ya bar sauran masu bin bashi hannu rabbana, kuma kada ɗan abin da za a raba ya ƙare a kuɗin shari'a.

Kamfanonin inshora sun fi sauran kamfanoni daɗewa a cikin wannan hali. Kafin 2002, dokar Ingila ba ta yarda a sa kamfanin inshora a ƙarƙashin tsarin ceto da ake yi wa sauran kamfanoni ba, don haka sai lauyoyi suka mai da riƙon wucin gadi ya zama mafaka, inda kamfani kan shafe shekaru yana shirya yarjejeniyar sasanci da masu binsa bashi. Kamfanin Independent Insurance, wanda ya durƙushe a watan Yunin 2001, ya shafe shekaru da dama a wannan matsayi. Akwai kuma dalilin da ya shafi sana'ar kanta: ma'aikacin da ya shaƙi ƙura mai guba a masana'anta zai iya kamuwa da ciwo bayan shekara 20 ko 30, don haka a ranar da kamfanin ya faɗi babu wanda ya san adadin masu binsa.

Mai neman izinin shigar da ƙara yakan gabatar da buƙatarsa ga kotun da ke kula da kamfanin, tare da takardar rantsuwa mai bayyana abin da yake nema da hujjojinsa. Alƙali yana duba ko akwai taƙaddama ta gaske da ta cancanci shari'a, da girman kuɗin, da inda tsohuwar ƙarar ta kai idan har an fara ta, da kuma ko za a iya warware maganar cikin sauƙi ta hanyar miƙa takardar tabbatar da bashi ga mai riƙon. Idan kamfanin bai musanta bashin ba, da wuya a ba da izini, domin shari'ar ba za ta ƙara wa mai ƙara komai ba sai ɗawainiya. An fi bayar da shi idan maganar na da sarƙaƙiya, ko tana buƙatar a yi wa shaidu tambayoyi, ko akwai wasu da ake ƙara tare da kamfanin, ko kuma mutum na cewa wata dukiyar da ke hannun kamfanin tasa ce tun asali. Kusan kullum izinin yakan zo da sharaɗin cewa ko an yi nasara ba za a zartar da hukuncin a kan dukiyar kamfanin ba sai an sake komawa kotu.

Wannan sharaɗi ne mutane da yawa ba sa fahimta sai sun kashe kuɗi. Hukuncin kotu yana tabbatar da bashin da adadinsa, amma ba ya ɗaga mai shi sama da sauran masu bin bashi marasa jingina. Zai shiga layi ne ya karɓi kason da kowa zai karɓa. Duk da haka akwai dalili ɗaya mai ƙarfi na neman izinin, wato wa'adin shigar da ƙara. A dokar Ingila wa'adin yana tsayawa ne idan an ba da umarnin rushe kamfani, naɗa mai riƙon wucin gadi kaɗai ba ya tsayar da shi, saboda haka wanda ya naɗe hannu yana jira zai iya wayar gari shekara 6 da doka ta ba shi a kan yarjejeniya sun wuce. Maganin wannan shi ne a nemi izini da wuri, ko a rattaba hannu da mai riƙon a kan takardar dakatar da ƙidayar wa'adin.

Faɗuwar rukunin kamfanonin inshora na HIH a Ostareliya ta nuna yadda abin ke kasancewa. A ranar 15 ga Maris, 2001, Babbar Kotun Jihar New South Wales ta naɗa Tony McGrath da Alex Macintosh na kamfanin KPMG su riƙe shi, a ranar 27 ga Agusta kuma aka ba da umarnin rushewa, inda aka ƙiyasta giɓin zai iya kaiwa dalar Ostareliya biliyan 5.3. Cikin waɗanda abin ya fi taɓawa akwai masu rashin lafiya da suka dogara da kuɗin da kamfanin ke biyansu kowane wata, da masu gidajen da magina suka bari ba a gama ba, da masu sana'ar da ake ƙararsu suka tarar ba su da mai tsaya musu. Wannan rukuni na ƙarshe ya cancanci a lura da shi, domin hanin yana kare kamfanin inshora ne kawai: wanda aka ji wa rauni yana da damar ci gaba da ƙarar wanda ya yi masa laifin, mai laifin kuwa dole ya biya daga aljihunsa, sannan ya bi layi wurin mai riƙon.

Abin da ya rage wa talakawa raɗaɗi a wannan karon tallafin gwamnatin tarayyar Ostareliya ne, wadda ta kafa asusun da ke biyan masu ƙaramin ƙarfi da ƙananan 'yan kasuwa, su kuma su miƙa mata haƙƙinsu na bin kamfanin. A Birtaniya, asusun biyan diyya na harkokin kuɗi yana biyan kashi 100 a kan inshorar da doka ta tilasta, kamar ta mota da ta raunin ma'aikata, da kashi 90 a kan yawancin sauran. Sauran masu bin HIH bashi sai da suka jira yarjejeniyar sasanci ta 2006, kuma sai a 2008 kotun ƙoli ta Majalisar Dattawan Birtaniya ta amince a mayar da dukiyar kamfanin da ke Ingila zuwa Ostareliya domin a raba ta bisa dokar can.