Kafin a kwashe juji a daji, a duba wa ke kwance ƙarƙashinsa

Wata safiya cikin ɗari, a kan hanyar da ta tashi daga Maradi ta nufi Madarunfa, wani yaro makiyayi ya tare ni riƙe da abu cikin hularsa. Ya ce, "Malam, duba mani wannan, ta mutu ko?" Bushiya ce. Ta bi ƙanshin tumatir ta cusa kai cikin gwangwani, da ta zo fiddo shi ƙayoyin wuyanta suka tokare. Allah kaɗai ya san kwana nawa ta yi tana yawo a haka, ba ci ba sha. Da filaya muka tsaga gwangwanin a hankali, muka ajiye ta gindin sabara. Ta daɗe a dunƙule kafin ta warware.

Inda yaron ya tsince ta, juji ne guda a tsakiyar daji: leda baƙa, ledar piya wata, tsofaffin tayoyi, fasassun kwalabe, yagaggun buhuna, batiran tocila. Wasu masu mota ne ke zuwa da dare su juye su tafi, don kada su kai inda aka ware. Ni dai wannan abu yana ci mani rai, domin dajin da ya rage mana a jihar nan ba shi da yawa. Baban Rafi, gefen tafkin Madarunfa, bakin Gulbin Maradi, da gorubar Gulbin Kaba, su ne ɗan abin da zomo da zabon daji da fakara ke laɓewa a ciki.

Illar leda kowa ya gan ta, ko bai shiga daji ba. A tambayi mahauci. Akuya za ta yi ta ramewa ciki na kumbura, a yanka a tarar da dunƙulen leda ya cika tumbi, ya murɗe kamar igiya. Dabbar tana jin ta ƙoshi, alhali yunwa ce ke kashe ta. Abin da ya sami akuya shi ke samun gada, sai dai ita ba wanda ke feɗe ta ya gani. Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana shigo da wannan leda marar kauri da sayar da ita, amma har gobe iska na rataye ta a ƙayar aduwa.

Akwai waɗanda ba a cika kula da su ba. Zaren buhu da ya warware, tsuntsaye na ɗauka su kai sheƙa. Ya naɗe ƙafar ɗan tsuntsu, ƙafar na girma zaren na shiga nama. Taya tana tara ruwan damina ta zama gidan sauro. Batirin mota akwai dalma da ruwa mai ƙuna a cikinsa, idan ya fashe ƙasa ce ke sha. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne jarkar maganin ƙwari da aka yar bayan feshin wake: ruwan sama ya taru a ciki, kurciya ta sha, kurege ya sha, wani lokaci ma yaro ya ɗauka ya mai da ita ta ruwan kiwo. Ga kuma baƙin da juji ke gayyatowa, ɓeraye da hankaki da karnukan da ba su da masu su, waɗanda ba sa barin ƙwan zabo ya kwana.

To, kwashewa alheri ne, babu ja. Sai dai yadda ake kwashewar shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Juji idan ya shekara biyu ko uku a wuri guda, ya zama gida. Ƙarƙashin kwanon rufi da ya yi tsatsa akwai inuwa da laima. Damo na haƙa rami a nan, bushiya na kwana a nan, kwaɗi na jiran damina a nan, kunama da kububuwa ma suna nan. Na taɓa zuwa wani ƙauye na iske samari sun yi gayya, da kyakkyawar niyya, sun tattara komai wuri guda sun cinna wuta. Hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe, wutar ta lashi kalgo biyu da ɗan gawon da mai gona ya yi shekaru yana reno. Da toka ta huce muka tona, ga kunkuru a ƙone, ga damo. Wani dattijo da ke tsaye ya kalle ni ya ce, "Ɗana, wannan gyaran gangar auzinawa ne." Na ce, "Gaskiyarka, Baba." Ba ni da abin da zan ƙara.

Shi ya sa muke cewa a zaɓi lokaci. Da damina zabo da fakara na kwanci a ƙasa cikin ciyawa, tarin mutane da amalanke na iya tattake sheƙa ba su sani ba. A bari sai an gama ɗaure hatsi, ɗari ya shigo. A fara daga gefe guda a bar ɗaya gefen a buɗe, don abin da ke ciki ya sami hanyar gudu. Kada a sa hannu tsirara ƙarƙashin taya ko kwano. A ɗaga da manjagara ko doguwar sanda, a ja baya, a ɗan saurara. Maciji in ya ga hanya tafiyarsa yake yi, kuma shi ne ke rage mana ɓeran rumbu. Idan tsautsayi ya sa ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da igiya, a garzaya asibiti. Saran kububuwa ba na jira ba ne, jini yake hana tsayawa.

Kuma ba duk abin da ke ƙasa ne datti ba. Busasshen reshe, ruɓaɓɓen kututture, ganye, suri, a bar su inda suke. Inda aka ɗauke jujin ma, yana da kyau a tara ƙaya da rassa a wurin, waɗanda aka tasa su sami mafaka. Mu mutanen Maradi mun san wannan dabarar ta ƙyale abu ya tsiro da kansa: a gonakinmu ne sassaben zamani ya kafu tun wajejen 1983, har ƙasashe suka riƙa zuwa koyo. A gandun dajin Gadabeji na jihar nan kuma an dawo da raƙuman dawa 8 daga Kure, kusa da Yamai, a 2018, bayan shekaru da ɓacewarsu daga yankin. Raƙumin dawa ganyen sama yake ci, can inda leda ke maƙalewa.

Ƙarfe da tsohon batiri akwai masu saye a gari. Jarkar magani a huda ta, a ware ta daban, a tuntuɓi malamin gona. Sauran a loda a amalanke a kai inda ofishin magajin gari ya tanada, sannan mai gari ya sa ido, domin wurin da aka share aka bari ba tsaro, kafin wata ya kama an sake cika shi.

Wancan wuri na hanyar Madarunfa, mun kwashe shi cikin kwana 3 da samarin ƙauyen. Da na koma bayan damina, ƙarangiya ta rufe fili, kuma na ga sawun zomo da kashinsa a gindin ƙayar da muka tara. Bana in Allah ya kai mu bayan kaka za mu shiga jujin da ke gaba da shi. Mai zuwa ya zo da rufaffen takalmi da safar hannu da manjagara, ashana kuwa a baro ta gida.