Danshin da ke saman Garwa: yaya ake auna shi daga nesa?

Wane danshi ake nufi?

Tururin ruwan da ke cikin iska, wanda ido ba ya gani. Mafi yawansa yana ƙasa-ƙasa ne, kusan rabinsa bai wuce kilomita biyu daga doron ƙasa ba. Shi ne abincin hadari. Duk wanda ya yi watan Afrilu a Garwa, birnin da ke arewacin Kamaru, ya san ranar da iskar kudu ta fara shigowa: zafi yana nan, amma gumi ya daina bushewa a jiki. Wannan iskar daga Tekun Atlantika take, tana kutsawa ƙarƙashin busasshiyar iskar hunturu.

Ba tauraron ɗan Adam ke ganin komai ba?

A nan gizo ke saƙar. Meteosat na Turai, wanda ke kallon Afirka dare da rana, yana da idanu na musamman don tururin ruwa, amma na tsakiya da na can sama yake gani. Na ƙasa, wanda manomin auduga da na dawa ke jira, tururin sama ya rufe shi. Sai a ga hoto ya nuna sama a bushe alhali ƙasa ta jiƙe.

To, ina mafita?

A tsaya a ƙasa a dubi sama. Akwai na'urar da ke sauraron raƙuman da tururin ruwa ke fitarwa da kansa, wajen gigahaz 22. Akwai lida, mai harba hasken leza sama ta karanta abin da ya dawo, sai dai tsada, ga ƙurar Bodele ta arewacin Chadi mai dusashe haske. Wadda ta fi burge ni ita ce GPS. Saƙon tauraron GPS yana ɗan jinkiri idan ya ratso iska mai danshi, daga jinkirin nan ake lissafa yawan ruwan. A binciken AMMA, wani babban nazari kan daminar Afirka ta Yamma, an kafa irin waɗannan tashoshi a Yamai ta Nijar, da Gawo da Tumbutu na Mali, a shekarun 2005 da 2006.

An daina sakin balan-balan ke nan?

A'a. Ma'aikatan hasashen yanayi na filayen jirgi kamar na Njamena sun daɗe suna sakinta ɗauke da na'urar auna iska zuwa sama, kuma da awonta ake gwada gaskiyar sauran na'urorin. Matsalarta, sau ɗaya ko biyu ake saki a rana, iskar damina kuwa cikin dare take kwararowa arewa.