Bin Sawun Kakannin da Suka Yi Ƙaura Zuwa Yammacin Amurka

Wannan wani reshe ne na binciken asalin dangi, wanda jikoki da tattaɓa-kunne ke yi don gano inda kakansu ya taso, hanyar da ya bi, da inda ya kafa gida a yammacin Amurka a ƙarni na 19. Hanyar da ta fi suna ita ce ta Oregon, mai tsawon kusan kilomita 3,200 daga garin Independence na jihar Missouri, wadda ayari kan shafe wata huɗu zuwa shida a kanta da amalanken shanu. Kwalara ta kashe mutane da yawa a hanyar, kuma akasarin kaburburansu ba su da ko alama.

Mai bincike kan fara da takardun ƙidayar jama'a, wadda ake yi duk bayan shekara goma tun 1790. Sai a ƙidayar 1850 aka soma rubuta sunan kowane mai 'yanci a gida, da shekarunsa da inda aka haife shi. In aka ga ɗan fari haifaffen Ohio ne, mai bi masa na Illinois, auta kuma na Nebraska, to hanyar da iyalin suka bi ta fito fili. Sai dai gobarar 1921 a birnin Washington ta lalata kusan duk takardun ƙidayar 1890, abin da ya bar giɓin shekara ashirin.

Takardun fili sun fi ƙidaya amfani nesa ba kusa ba. A ranar 20 ga Mayu, 1862, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a Dokar Homestead, wadda ta ba magidanci ko wanda ya kai shekara 21 damar mallakar eka 160, muddin ya zauna a filin shekara biyar, ya gina gida, ya noma shi, ya biya kuɗin rajista dala 18. Zawarawa da matan da ba su yi aure ba ma sun samu. Kafin a ba mutum takardar mallaka, dole ya kawo shaidu biyu. A fayil ɗinsa ake ganin faɗin ɗakin da ya gina, ko na katako ne ko na ƙasa mai ciyawa, ko ya haƙa rijiya, eka nawa ya nome, da yawan iyalinsa. Baƙon da ya zo daga Jamus ko Norway yakan haɗa da takardar zama ɗan ƙasa. Sunayen shaidun ma abin lura ne, don sau da yawa maƙwabta ne ko surukai.

Fayilolin suna Hukumar Adana Kayan Tarihi ta Ƙasa a Washington, hotunan takardun mallaka kuma suna shafin intanet na hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya. Kimanin mutum miliyan 1.6 ne suka kai ga mallaka kafin a soke dokar a 1976, ban da Alaska da ta kai 1986. Fiye da rabin waɗanda suka nema sun gaza, saboda fari, talauci da farar dango irin ta 1874. Rashin takardar mallaka ke nan ba hujja ba ce cewa kakan bai zauna a wurin ba. Sai a duba rajistar ofishin filaye na yankin, inda ake rubuta har waɗanda suka janye.

Filayen nan dai ba sararin Allah ba ne da babu mai shi. An karɓe su ne daga 'yan asalin ƙasar, irin su Lakota da Pawnee, ta yarjejeniya ko da ƙarfin bindiga. Baƙaƙen fata ma sun yi wannan ƙaura: sun kafa garin Nicodemus a Kansas a 1877, dubbai kuma suka kwarara jihar daga kudu a 1879. Zuriyarsu kan sha wahalar gano kakanninsu kafin ƙidayar 1870 a bincike, domin ita ce ƙidaya ta farko da ta rubuta sunayen bayin da aka 'yanta a lokacin yaƙin basasar Amurka da ƙarshensa.