Metaloid: Sinadaran da ke Tsakanin Ƙarfe da Wanda Ba Ƙarfe Ba

Metaloid rukunin sinadarai ne da suka ɗebi wasu halaye na ƙarfe, suka haɗa da na waɗanda ba ƙarfe ba. Shida aka fi yarda da su: boron, silikon, jamaniyam, arsenik, antimoni da teluriyam. Wasu masana kan ƙara poloniyam ko astatin, wasu su ƙi, don har yau ba a tsayar da ma'auni ɗaya ba. A jadawalin sinadarai suna jere ne a gefen wani layi mai siffar matakala, ƙarafa na hagunsa, sauran na damansa.

Duk wanda ya ga tataccen silikon zai rantse ƙarfe ne, ga launin toka, ga sheƙi. Amma da an sa masa guduma sai ya farfashe, ba ya lanƙwasuwa balle a ja shi ya zama waya.

Babbar darajarsu tana wajen lantarki. Tagulla tana barin lantarki ya bi ta cikinta ba wahala, farar wuta kuwa tare shi take yi. Silikon da jamaniyam kaɗan suke bari ya wuce, kuma zafi ƙara musu wannan ƙarfi yake yi, saɓanin ƙarfe da zafi ke rage wa. Idan aka cusa wa silikon ɗan mitsitsin fosfuras ko boron, sai a samu damar sarrafa yadda lantarkin zai bi. Irin wannan abu shi ake kira semikondakta, kuma a kansa aka gina kwamfuta da wayar hannu da farantin sola.

Jamaniyam ne ya fara buɗe hanya. Masanin sinadarai ɗan Rasha Dmitri Mendeleev ya yi hasashen samuwarsa a 1871, takwaransa Clemens Winkler ya gano shi a Jamus a 1886, kuma da shi aka ƙera transisto na farko, wato ƙaramar na'urar da ke sarrafa tafiyar lantarki, a ɗakin binciken Bell Labs na Amurka a 1947. Daga baya silikon ya karɓe wurinsa, saboda ya fi jure zafi, ga kuma araha: shi ne na biyu a yawa cikin ɓawon ƙasa bayan iskar oksijin, kusan kashi 28 cikin 100, galibi cikin yashi da duwatsu.

Sauran ma ba a bar su a baya ba. Boron na shiga gilashin da ba ya fashewa a kan wuta, antimoni kuma a kayan hana gobara ci. Arsenik dai guba ce, kuma ta gurɓata ruwan rijiyoyin miliyoyin mutane a Bangladesh.